Ranar da Na Yi wa Direban Tsere Gudu

Ban taɓa mantawa da ranar da aka ba ni Baturen nan na Ingila ba, wata Talata cikin watan Afrilu, saura shekara biyu in ajiye sitiyari. Ku matasan direbobi da kuke ce mini Baba Ilu Kunkuru a bayan idona, ku karanta da kyau. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, amma abin da zan faɗa ba a koyar da shi a jami'a, na tambaya.

Ga wanda bai san aikin ba: kamfaninmu na baƙaƙen motoci ne, ofis a unguwar Soundview da ke Bronx. Ba a tare mu a titi, sai an bugo waya an yi oda. Direbobi kashi uku ne. Jerin farko su ke ɗaukar manyan baƙi daga filin jirgi, na biyu zirga-zirgar cikin gari, na uku kai saƙo da kwali. Bayan kowace tafiya fasinja yana rubuta ra'ayinsa. Ƙorafi uku a shekara, an sauke ka zuwa jeri na uku. Ni ina jerin farko, kuma ina da biyu a wuya, duka magana ɗaya: wai ba na sauri. Na uku zai mayar da ni hawa bene da kwalaye, ga gwiwa ta riga ta yi ritaya ta bar ni.

Da safe manajarmu, Hajiya Ladi, 'yar Kumasi, ta kira ni.

"Baba, kai kaɗai ka rage. Wannan baƙon tsohon direban tseren motoci ne. Yanzu yana da kamfanin haɗa kayan motocin tsere, ya zo baje kolin motoci a Manhattan. Don Allah kar ka ba ni kunya."

Idi, mutumin Damagaram, yana gefe yana shan shayi. Ya ce, "Hajiya, ki haɗa masa da filo. Kafin Bakano ya kai shi otal ya yi barci ya farka, ya tarar an tashi baje kolin."

Na ce, "Bawa ba ya sa baki manya na magana." Aka yi dariya, na fita. Amma maganar ta bi ni har mota.

Na tarar da Baturen a ƙofar fita, siriri, farin kai, yana tafiya a miƙe kamar ya haɗiyi taɓarya. Ya shiga baya a hankali, da kofin shayi a hannu, ba murfi. Na ja mota yadda na saba. Muka yi minti goma a hanya. Na leƙa madubi na ga ya lumshe ido.

Nan Shaiɗan ya zo da muryar Idi. Na ce a raina, shi ke nan, mutumin da ya yi rayuwarsa yana tashi sama da mota, ga shi na sa shi gyangyaɗi. Ƙorafi na uku ya rubuta kansa. Muna hawa babbar hanya na taka totur. Na shiga layin hagu, na dawo dama, na tsallake wata babbar mota kamar ɗan shekara ashirin. Sai ga cunkoso a gabana. Na danna birki da dukan imanina.

Shayin ya tafi inda Allah ya nufe shi, wato kan wandon baƙo.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam direba, in ka sami wuri, tsaya."

Na sauka a mafita ta gaba, na shiga wani gidan mai. Na kashe mota ina lissafin benayen Bronx da ba su da lif. Ya fito yana dafe da ƙugu, ya miƙe bayansa a jikin ƙofa, ya daɗe. Sannan ya dube ni.

"Ina mutumin da ya ɗauko ni daga filin jirgi? Shi nake so ya dawo."

Na ce, "Yallaɓai, ni ne dai."

"To me ya same ka?"

Tsoho ba ya ƙarya a gidan mai. Na gaya masa komai, har da Idi. Ya yi dariya har ya sake dafe bayan. Ya ce shekara goma sha huɗu ya yi yana tsere a Turai, bai taɓa zama zakara ba, na biyu ne abincinsa. Wata rana cikin ruwan sama motarsa ta daki bango, aka sa masa ƙarfe a gadon baya, tseren ya ƙare. Ya buɗe ɗan gareji a bayan gidansa da mutum biyu, suna gyaran shokazoba, abin nan da ke shanye gargada a ƙafar mota. Daga nan kamfanin ya girma.

Ya ce, "Tun daga London bayana ke ciwo. Minti goman nan naka ne kawai na huta. Wa ya koya maka taka birki haka?"

Na ce, "Ƙwai, yallaɓai."

Na ba shi labarin maigidana, Alhaji Tanko, da muke ɗauko ƙwai daga gonakin Jos zuwa Kano. Yakan ɗora kiret guda a kujerar gaba tsakaninmu, ba ɗauri. Kowane ƙwai ya fashe, ranƙwashi ɗaya. Na nuna masa tsakar kaina, na ce wannan sanƙon ba gado ba ne, takardar shaida ce.

Ya ce a filin tsere ma haka ne. Mai fizgar sitiyari da dukan birki yana burge 'yan kallo, amma yana cinye taya, yana ɓata lokaci. Wanda ka gani kamar ba ya komai, shi ke gaba. Ya ce injiniyoyinsa suna wuni gaban kwamfuta don su koya wa ƙarfe abin da ƙafata ta sani.

Na ce, "To ka ɗauke ni injiniya mana."

Ya ce, "Ka fara kai ni otal da sauran wandona."

Na kai shi kamar amarya. Duk da haka ban ci abincin kirki ba ranar, don ban san abin da zai rubuta ba.

Washegari Hajiya ta tara mu, ta karanta ra'ayin Baturen daga waya. Ya rubuta cewa a ba shi direban nan duk makon, kuma bai taɓa hawa bayan ƙafa mai hankali irin wannan ba, ban da minti biyar a tsakiya da wani ya ari motar.

Ta cire tabarau. "Baba, wa ka ba aron motar kamfani?"

Na nuna Idi. Ya rantse yana can titin 125th a lokacin, yana da shaidu. Na ce jikinsa ne a can.

Na ƙarasa shekaruna biyu a jerin farko, ban ɗauki kwali ko ɗaya ba. Abin da na koya shi ne, mu direbobi muna jin labarin fasinja mu yanke masa abin da yake so, alhali yana zaune a bayanmu da bakinsa. Da na tambaye shi tun a filin jirgi, da wandon mutumin nan ya isa Manhattan a bushe. Kuma wanda ya ƙware a sana'a ba ya kallon gudunka, ƙafarka yake saurara. Ku da kuke wuce ni kuna danna oda, ku je. Za mu haɗu a danja ta gaba.