Buhunan Waken Kawu

A shekarata ta biyu a jami'a na ɗora ƙaramin fanni a kan babban karatuna. Babban shi ne kasuwanci, wanda mahaifina ya zaɓa mini, don mu a Salaga fatake ne tun kakanni. Su goro suka yi, mu doya da hatsi. Ƙaramin kuwa lafiyar muhalli ne, kuma ba wani kishi ya sa na ɗauke shi ba. Wata ƙawata ce ta ce darussan ba su da wuya. Da na gaya wa Baba, dariya ya yi ya ce, "Wato samansaman za ki zama?" Haka muke kiran duba-gari, masu shiga gidaje suna leƙa randa da makewayi, waɗanda ba mai murnar ganinsu.

Da dogon hutu ya zo aka tura ni aikin gwaji a Yendi, ƙarƙashin wata duba-gari mai ƙarancin magana, wadda ke goya ni a babur ɗinta. Wata rana muka je wani siton hatsi a bayan kasuwa. Zan sa ƙafa ciki ta riƙe mini hannu.

"Tsaya. Me kike ji?"

"Warin tafarnuwa," na ce.

"Ba tafarnuwa ba ce."

Ta bayyana mini cewa ƙwayoyi ne da 'yan kasuwa ke cusawa cikin buhu don kashe ƙwari. Da sun ji laima sai su saki iska mai guba. Mai ɗinkin buhun da ke yini a siton yana asibiti, shi ya sa muka zo. Ni kuwa na san warin nan tun ina ƙarama. Shi ke tashi duk ranar da aka sauke buhunan wake da kawuna, yayan mahaifiyata, ke aiko wa Baba daga Bawku.

Da na gama aikin na wuce Bawku gaisuwa. Matar kawu, wadda muke kira Inna, ita ta riƙe ni shekara biyu ina yarinya. Na tarar da ita kwance, ta rame. Ciwon kai, tashin zuciya, ƙirji kamar an ɗora dutse. Sau biyu ta sha maganin zazzaɓin sauro bai yi komai ba, har maƙwabta sun fara cewa iska ce. Ina zaune a bakin gadonta warin ya buge ni. Tun da rikici ya hana garin zama lafiya kawu ya kwaso kayansa daga kasuwa ya dawo da su gida, ya jibge wake a ɗakin da ke manne da nata. Bangon da ya raba su bai ma kai rufi ba.

Kwana biyu na kasa buɗe baki. Ina ci daga tukunyarsu, ina kallon Inna na dafa bango kafin ta kai wurin alwala. A rana ta uku bayan la'asar na sami kawu a zaure, na durƙusa.

"Kawu, ina da magana a kan waken nan. Maganin da ke ciki ne ke sa Inna ciwo."

Ya ajiye carbinsa. "Tun ba a haife ki ba nake sa shi. Wa ya mutu?"

"A da a kasuwa yake, Kawu. Yanzu numfashinsa take yi."

"To, ni nake kashe matata ke nan?"

"Ban ce haka ba."

"In na cire shi, wata ɗaya ƙwari su cinye kayan su zama gari. Ke za ki ci da gidan nan?"

A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Maimakon in yi masa maganar buhu mai leda da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, wanda na karanta na kuma gani, sai na ce, "Da a Yendi ne, da tuni an rufe ɗakin nan." Ya miƙe tsaye. Sannan ya sa takalminsa ya fita.

Inna ta ji komai. Washegari ta ce in ɗauko mata tabarma da filo, ta koma ɗakin da ke ƙarshen gida. Na raka ta asibiti, na gaya wa likita abin da ke cikin buhunan. Kafin mako ya zagayo ta fara cin tuwo. Kawu kuwa bai sake yi mini magana ba har na hau mota, sai amsa gaisuwa a taƙaice.

Kafin in isa Salaga labari ya riga ni. Mahaifiyata ta yi kuka, ta ce na je gidan yayanta na yi masa barazana da hukuma. Baba bai yi faɗa ba. Ya dai daina ajiye buhunan Bawku a cikin gida, bai kuma taɓa faɗin dalili ba.

Na kammala fannin da sakamako mai kyau. Kawu bai zo walimata ba, ya aiko da atamfa ta hannun direba. Daga baya Inna ta gaya mini a waya cewa ya kwashe waken bayan tafiyata, ya kama sito kusa da kasuwar dabbobi. Na tambaye ta ko har yanzu yana sa maganin. Ta ce yana sawa. Na tambayi su wa ke yini a siton. Ta ce masu dako ne, mutum huɗu ko biyar, a ciki suke fakewa in rana ta yi zafi. Sau uku na ɗauki waya zan kira kawu, ban kira ba.