Ranar da Na Durƙusa a Ma'adi

Mun tashi daga Zariya ana idar da sallar asuba, ni da yayana, muka kama hanyar Kano don mu samu jirgin Alƙahira. Shi ciwon ƙoda ne ya kai shi, ni kuma an zaɓe ni rakiya saboda ina jin Larabci. Abin da 'yan gida suka manta shi ne, a garin nan na koyi shan giya ina ɗalibi, kuma ita ta koro ni gida babu shahadar kammala karatu. Na daɗe ban taɓa ta ba, amma tun a jirgi gabana ke faɗuwa. Ban san ko zan dawo yadda na tafi ba.

Muka kama ɗaki a Giza kusa da asibiti. Wuta na ɗaukewa kamar a gida, har yayana ya ce ashe kuɗin jirgi muka ɓata. Ful da ta'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosansu, sun ƙara tsada, burodin kuma ya ƙanƙance. Direbobin ƙananan bas ne kawai ba su canza ba, suna nan suna tuƙi kamar ana biyo su.

Da aka kwantar da yayana, na samu sarari na leƙa Darrasa, unguwar da na zauna ina ɗalibi. Shagunan littattafai na nan da ƙamshinsu na takarda da turare. Mai kosharin, shinkafa da taliyar nan, da ke ƙara mana soyayyar albasa ya tsufa, bai gane ni ba. Ɗalibai 'yan gida suka wuce ni rungume da littattafai, ana Hausa ana yalla ana khalas. Na ɗaga kai na ga barandarmu, inda muke tuƙa tuwo ranar Juma'a da kukar da aka aiko mana. Yanzu jallabiyar wasu ce a shanye. Abokan zamana duk sun zama malamai.

Daga nan ƙafata ta ja ni wani lungu a tsakiyar gari wanda na sani sarai. Shagon giyar na nan a buɗe. Na tsaya tsallaken titi ina kallonsa har aka kira la'asar. Ban shiga ba, amma na san gobe zan iya shiga.

Na koma asibiti na tare likitan yayana, na ce ina da aboki mai fama da sha. Ya dube ni ta saman tabarau, ya kwatanta min wani ɗaki a unguwar Ma'adi inda masu wannan ciwo ke taruwa suna riƙe juna. "Ka raka abokin naka," in ji shi, "kada ya ɓata a hanya."

Washegari na hau metro, jirgin ƙasan cikin gari. Tashar Tahrir a rufe take tun hargitsin bara, jirgi ya wuce ta bai tsaya ba. Ma'adi kuwa itatuwa ne da shiru, sai turawa masu yawo da karnuka. Ɗakin ƙarami ne, kujeru a zagaye, shayi a kofin takarda. Akwai Misirawa, da Basudane, da turawa biyu. Ƙa'idarsu sunan yanka kawai ake faɗa, kuma ko ka san mutum a waje ba ka nunawa. Ni ban san wannan ba.

Ina shiga na yi ido biyu da wani dattijo ɗan gida, babban ma'aikaci, wanda muke zuwa gidansa buɗe-baki muna ɗalibai. Kafin in yi tunani na zube ƙasa.

"Ranka ya daɗe, Alhaji! Barka da yamma, ina gajiya, ya iyali?"

Dattijon ya rufe fuska da tafi, sai na ga kafaɗunsa na rawa, ashe dariya yake.

"Tashi, ɗan nan, ka gama tona mana asiri." Ya jawo kujerar gefensa. "A nan babu Alhaji. Abin da ya kawo ka shi ya kawo ni."

Bamisiren da ke jan zaman ya ce ma'alish, ba komai, amma idan haka ake gaisuwa a ƙasarmu, shi ma a riƙa yi masa.

Da layi ya zo kaina na fara da zancen aboki. Dattijon ya yi gyaran murya. Sai na faɗi sunana, na ce ni ne, na ba su labarin tsayuwata a gaban shagon. Ba wanda ya yi min wa'azi. Kowa dai ya gyaɗa kai, don duk sun san irin tsayuwar nan.

Da aka tashi, dattijon ya taka min har tasha. "In ƙafa ta sake jan ka can, kira ni kafin ka tsallaka titi, ba bayan ka fito ba." Na kira shi kuwa, ba sau ɗaya ba. Ban fasa zuwa zaman ba har aka sallami yayana.

Mun sauka Kano lafiya, yayana da sauƙi, ni kuma ban sha ba, alhamdulillahi. Na tafi ina tsoron kada ɗan gida ya gan ni, sai ga shi ɗan gida ne ya riƙe ni. Kunya ta ci min shekaru fiye da yadda kwalba ta ci. A Zariya ban san irin ɗakin nan ba, amma na san wani tela a unguwarmu da abin ke damu. Na je shagonsa na fara ba shi nawa labarin. Bai ɗago daga keke ba har na gama. Da na miƙe ya ce in dawo jibi da yamma, akwai wani irinmu da zai kira.