Tawadar da Ta Riga Ta Bushe

Ranar wata Litinin ce, shekarar da na shiga aji biyar a lekol, makarantar boko, muka yi zaɓen shugaban aji. Ni na tsaya. Sati guda ina raba ƙuli-ƙulin Iya, na ba da aron ƙwallona, har sharar wani na yi. Kowa ya rubuta suna a guntun takarda ya jefa cikin hular Mushe, malaminmu. Mushe ya girgiza hular, ya tura ta cikin durowa, ya juya allo. Sunan Kodjo, wani ɗan ajinmu, na can baya a rubuce, har da layi a ƙasa. Babansa na cikin kwamitin iyaye. Aka ce mu tafa, muka tafa.

Da na koma gida na tarar da Iya, kakata, a tsakar gida tana dafa tawadar makarantar allo. Aikina ne daka mata gawayi da ƙaro, bayan na cika randuna daga famfo. Ina daka ina ba ta labari, majina na zuba. Ba ta ko ɗago ba. "Ɗan nema, kai da alli aka yi maka," in ji ta. "Mu da tawada aka yi mana."

Wai zamanin Faransa, tana 'yar ƙarama, akwai rijiya a bakin Zongo, nan suke wanki da wasan 'yar gala-gala, nan mahauta ke shayar da shanu. Sai aka ji za a rufe ta, kamfanin Turawa na son wurin ya yi sito. Kumandan, Baturen mulki, ya kira manyan unguwa shawara, har da babanta, Malam. Ya sha rawani ya tafi, mata suka zauna bakin rijiya suna jira. Tun safe har azahar ana magana, aka ce a ɗaga hannu, kowa ya ɗaga a kan a bar rijiya. Sai tafinta ya shiga ciki, ya fito nan take da takarda, wai ga abin da aka tsayar, yanzu aka rubuta. Malam bai iya karatun Nasara ba, amma rayuwarsa duka a tawada ta ƙare. Ya ɗora babban yatsa a kan rubutun, ya duba. Fes. Ko ɗigo bai kama shi ba.

Mutane suka ce tun Lahadi aka gama maganar, wai manyan kamfani da na gwamnati suna da wurin cin abincinsu inda baƙar fata ba ya shiga sai da tire a hannu. Ba wanda ya gani da idonsa. Rijiya dai an rufe. Iya ta koma ɗauko ruwa daga unguwar Amoutivé da garwa a ka, sawu uku kullum, har gashin tsakar kanta ya ƙi fita. Ta zame kallabi ta nuna mini wurin. Malam kuma bai daina zuwa shawara ba. In an kira shi ya je, ya ɗaga hannu, ya dawo ya wanke allo. Abin da ya bar musu kawai shi ne, "Kafin ku yi murna, ku taɓa tawadar."

Yanzu ina kan zemijan, babur ɗin haya, waya na ta ƙara, abokai na turo bidiyo, wai wasu ƙungiyoyin manya a Turai su ke juya gwamnatocin duniya a ɓoye. Wani ya rantse, wani ya ce ƙarya ce. Ni ban sani ba, nakan kalla rabi in wuce. Ko haushin ba na ji. Wani lokaci nakan yi kewar yaron nan mai kuka a bakin turmi, shi ya ɗauka abin da ke cikin hula ake ƙirgawa.

Ranar zaɓe ina zuwa, in bi layi, in tsoma yatsa a tawada. Kafin in isa gida ta bushe.