Gaisuwa a Tsakiyar Filin Kurket

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Da wannan ƙarar na farka ran Lahadin nan, kamar yadda na yi ta farkawa da ita tun shigowar zafi. Yayana ne a falo yake ƙwanƙwasa sandar kurket ɗinsa da wata 'yar guduma ta itace, wai don katakon ya saba da duka. Gidan duk ya ɗauki warin man da yake shafa mata, wari kamar an gauraya fenti da kifi. Mu biyu ne a wani ɗan gida a Woodbridge, kusa da Washington, shi yana aikin injiniya, ni ina jami'a, iyayenmu suna Kano. Na leƙo na ce, "Yaya, maƙwabta fa." Ya ce maƙwabta su yi haƙuri, yau ce ranar.

A makarantar kwana ya koyi wasan, wurin wani malamin lissafi Ba'indiye. Shekaru suka shuɗe bai sake taɓa shi ba, sai wata rana ya hangi maza cikin fararen kaya a wani filin shaƙatawa, ya tsayar da mota, ya dawo gida fuskarsa kamar wanda ya ga ɗan garinsu. 'Yan Pakistan ne da mutanen tsibiran Karebiyan, suna da ƙungiya, suna buga gasar yankin. Suka karɓe shi. Da fari ruwa yake kai musu, daga baya suka riƙa sa shi can ƙarshe, lokacin da wasa ya riga ya mutu. A wannan Lahadin ne kyaftin ɗinsu, wani dogon mutumin Jamaika, ya ce zai shigar da shi da wuri. In ya yi abin kirki, gurbin ya zama nasa. In bai yi ba, akwai wani ɗan Sri Lanka da ya daɗe yana jira.

Ni kuwa ba wanda ya tambaye ni ko ina son kurket, amma ni ce mai wanki. Wasan da ake zubewa a kan ciyawa, a goga jar ƙwallo a cinya, shi aka zaɓa a yi da farin wando. Na sha zama a bakin baho ina cuɗa kore da ja, ina tunanin wanda ya ƙirƙiro wannan abu lallai ba shi yake wa kansa wanki ba. Ranar kuma layin kawo abincin rana ya zo kanmu, na tashi na dafa shinkafa dafa-duka cike da babbar tukunya, muka ɗaure ta a kujerar baya da bel kamar jaririya.

Ban taɓa gane wasan ba. Abin da nake so a cikinsa shi ne shirunsa: fararen mutane a warwatse kan kore kamar balbelu, inuwar gajimare tana ratsa su ɗaya bayan ɗaya. Doka guda ce kawai ta zauna mini, don Yaya ya maimaita ta har na gaji. Mai bugu yana tsaye gaban turaku uku, da 'yan itatuwa biyu a ɗore a kansu, a gabansa kuma akwai farin layi. Muddin ƙwallo tana hannun abokan hamayya kuma ba a tsayar da wasa ba, in ya ƙetare layin nan aka ture turakun, ya fita ke nan, babu dawowa. A bayan turakun akwai mutum a tsugune da manyan safar hannu, wanda ba shi da wani buri a duniya sai wannan. "Ƙafa a bayan layi," in ji Yaya. Har cikin barci na san ƙafa a bayan layi take.

Aka kira shi bayan azahar. Ya shiga da hular kwano da kariyar ƙwauri, yana tafiya kamar agwagwa. Abin mamaki, sai ga shi yana yi. Ya tare ƙwallo ta fari, ya tare ta biyu, can ya daki wata ta tafi tana birgima har ta wuce igiyar iyaka, mutanensa suka tashi suna tafi. Na rufe littafin da nake karantawa. Na ce ashe wankina bai tafi a banza ba.

Daidai lokacin ne Kawu ya iso.

Kawu aminin mahaifinmu ne. Ya yi shekaru yana aikin rediyo a Southwest Washington kafin ya yi ritaya, yana zaune da iyalinsa a Mitchellville. A gidansa muka sauka da muka zo ƙasar, shi ne ubanmu a nan. Mutum ne mai ƙarancin magana a gida, da yatsu karkatattu waɗanda na ɗauka amosani ne ya tanƙwara su. Yaya ya gaya masa zancen wasan bayan sallar Juma'a, irin gayyatar da ake yi wa babba don kada ya ji a bakin wani. Ba wanda ya zaci zai ɗauko mota ya yi wannan doguwar tafiya. Na gan shi ya fito da farar riga da hula, bai nufo inda muke zaune ba, ya zagaya can gefe ya tsaya a jikin wata bishiya, rabin jikinsa a ɓoye. Na ce a raina tsoho ya rasa inda 'yan kallo suke.

Mai jifa ya sheƙo da gudu ya saki ƙwallo. Yaya ya ɗaga sanda ya bar ta ta wuce, ta faɗa hannun na baya. Sai ya ɗago kai, idonsa ya sauka kan bishiyar. Na ga abin yana faruwa a hankali, kamar a ƙarƙashin ruwa. Ya cire hular kwano, don ba a gai da babba da ƙarfe a ka. Ya saukar da sanda. Ya tako gaba, taku kaɗan kawai, ya durƙusa, muryarsa ta ratsa filin: "Kawu, barka da zuwa."

Mutumin baya ya dubi ƙwallon da ke hannunsa, ya dubi Yaya, ya ɗan yi jim kamar mai jin kunya, sannan ya taɓa turakun. 'Yan itatuwan suka faɗi ba ko ƙara. Alƙalin wasa ya ɗaga yatsa. Kyaftin ya cire hularsa ya ajiye ta a ƙasa a hankali, ya zauna kusa da ita. Can jikin bishiya Kawu ya dafe kai ya kawar da fuska, tun ma kafin a ture turakun. Na ɗauka rana ce ta dame shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya bai dawo wurinmu ba. Ya miƙe ya wuce wurin Kawu ya sake durƙusawa ya ƙarasa gaisuwar: ina gajiya, yaya Hajiya, yaya yara, an zo lafiya. Ni ma na je na gaishe shi, ina haɗiye abin da ke bakina. Kawu ya amsa a gajarce. Na kawo masa shinkafa, ya ci cokali kaɗan, ya ce Allah ya yi albarka, ya ce zai koma kafin hanya ta cushe. Bai ce komai game da wasan ba. Na bi bayansa da kallo ina cewa, bawan Allah, ka zo ka rushe abin da ba ka ma san mene ne ba, ka tafi.

Mu hanyar ta cushe mana. Muna tsaye a kan babbar hanyar I-95, jajayen fitilu har iya gani, tukunya tana ƙwanƙwasa murfi a baya.

Na ce, "Ƙafa a bayan layi."

Ya ce, "Ke, kar ki fara."

"Ni ka koya wa. Ni da ba ni da sanda."

"To ya ya zan yi? Mun haɗa ido. In tsaya ina kallonsa ƙiƙam kamar soja?"

"Ka ɗaga masa hannu mana."

Ya juyo ya dube ni kamar na yi saɓo. "In ɗaga wa Kawu hannu? Sa'ana ne? Gobe Baba ya ji an ce ɗansa ya zama Bature, yana gaisuwa da sanda a sama."

"To ka durƙusa a bayan layin."

Motar gaba ta matsa kaɗan, muka matsa. Can ya ce, "Ƙafar ce ta tafi da kanta."

Na juya ina kallon taga don kada ya ga ina son yin dariya, ga kuma haushi bai sake ni ba.

Lahadin da ta biyo ɗan Sri Lanka ya shiga gurbin, kuma bai gai da kowa ba. Yaya ya koma kai ruwa. Abokan wasansa suka riƙa durƙusa masa in ya iso, suna kwaikwayon gaisuwar da karyayyar Hausa. Yana dariya, amma na lura wandonsa yana dawowa fari tas. Kafin ganyen bishiyoyi ya fara ja da ƙaratowar sanyi, ya ce aiki ya yi masa yawa. Sandar ta koma bayan ƙofar ɗakin ajiya, tsakanin tsintsiya da shebur ɗin kwashe ƙanƙara. Safiyar Lahadi ta yi tsit, abin da na daɗe ina roƙo, sai ga shi ina farkawa ina sauraron ƙarar da babu. Wannan ma ya ƙara mini haushi. Duk sanda muka je Mitchellville gaisuwa, Kawu yakan tambayi aiki, ya tambayi karatu, ya tambayi mutanen gida. Bai taɓa tambayar kurket ba, ni kuma na riƙe masa wannan a zuciya shekara da shekaru.

Bayan rasuwar Kawu, na riga na gama karatu na yi aure, ina zaune da Hajiyarsa muna tsinke alayyafo, zance ya faɗa kan hannunsa. Na ce Allah sarki, amosani ya wahalar da Kawu. Ta ce wane amosani. Ta ce ai tun yana saurayi yatsun suke haka, ƙwallo ce ta kakkarya su. Duk shekarunsa na kwaleji shi ne mai tsugunawa a bayan turaku da manyan safar hannu.