Kifin da Ba Shi da Tabo

Inna Mai Banda ake ce mata, ko jikokinta ma ba su san ta da wani suna ba. Rumfarta tana bisa gangaren kogi, da murhu biyu na rabin duro da wayar gashi wadda ta yi baƙi ƙirin. Tun tana amarya take bandar kifi a wurin, har hayaƙi ya kusa cinye mata idanu.

Kada ka kuskura ka tambaye ta yadda kogin yake a da, wallahi sai ka rasa la'asar. Za ta ba ka labarin giwan ruwan da sai ƙarti biyu sun rataya a sanda, da tarwaɗa mai kaurin cinya. Daga nan sai ta gangaro kan maigidanta, Allah ya jiƙansa, wanda bai taɓa jefa ragar da yatsunsa uku ba sa shiga idonta ba. Ƙananan kifi su wuce abinsu, baɗi a haɗu. Tana kewar mutumin nan, ba ta ɓoyewa.

Shi ya koya mata duba kifi da babban yatsa. Wanda raga ta kama yana da zane a bayan kunne, wanda ƙugiya ta kama bakinsa a yage yake. Da ido ya yi rauni, yatsan ya ci gaba da aikinsa.

Autanta ne ya gaji kwalekwalen, sai dai bai gaji kogin ba. Ya yini cikin ruwa ya dawo da abin da ko mage ta raina, ga mata ga 'ya'ya. Rannan da hantsi sai ga shi da baho cike taf, yana haki yana dariya. Inna ta rangaɗa guɗa, har da hawayenta, ta ce yau kam ta ga jiya. Ta jawo wuƙa, ta ɗauki na farko, ta shafa bayan kunnensa. Sumul. Ta ɗauki wani, ta buɗe baki. Lafiya lau. Cikinsu ya yi laushi tiɓis, kuma duk ƙudan rumfar nan babu wanda ya sauka a bahon.

Ta dogara sandarta ta gangara bakin ruwa. 'Yan mitsi-mitsin kifi sun yi fari fat a gefe, ciki sama, har da kwaɗi. Cikin ciyawa sandar ta bugi wata kwalba, ta ɗauka ta sunsuna: maganin ƙwarin gona ne.

"Auta, me ka zuba wa kogin ubanka?"

"Haba Inna! Kowa fa haka yake yi yanzu. In an banda shi, wuta tana kashe maganin."

"Wuta? Ni za ka koya wa wuta? Kwashe tsiyarka ka bar mini rumfa."

Ya kwashe kuwa, ya kai wa wata mai banda a ƙarshen layi, wadda ba ta tambaya. Kullum Inna tana jin ƙamshin hayaƙin matar, tana kuma sane da irin kifin da ke kan wayar gashinta. Ofishin masu gadin kogi ga shi nan kusa da gada, amma ina! Ta ja bakinta ta tsuke, tana cewa gobe zai daina. Abin yana cin ta, har tuwon bakinta ya daina yi mata daɗi.

Sai ranar da ta leƙa gidansa ta tarar da ƙaramar jikarta kwance a tabarma, ta yi amai har ta galabaita, uwar tana cewa ai ciwon shawara ne. Inna ta kama hannun yarinyar ta sunsuna. Ƙarnin kifi. Aka garzaya da ita asibiti, Allah ya sa da sauran kwana.

Daga asibitin Inna ba ta koma rumfa ba. Ta wuce gada, ta kwance kwalbar nan da take ƙulle da ita a zani tun ranar, ta ajiye a teburin babban mai gadi, wanda ya sha sayen kifi a hannunta.

"Inna, kin san mai ita?"

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ɗana ne. Da hantsi yake fitowa ta wajen ciyawar nan. Don Allah in kun kama shi kada ku sa shi tsallen kwaɗo, gwiwarsa ta hagu ba ta da lafiya."