Kawu Sai-Ƙarshe da Bidiyon Kasuwar Abijan

Duk wanda ya zauna Deule ya san Kawu Mamman ba ya tashi daga abu sai abin ya ƙare. Shi ya sa muke ce masa Sai-Ƙarshe, kuma yana amsawa. Ranar kasuwar Buza, sai mai tebur na ƙarshe ya ɗaure kayansa kafin Kawu ya kwance jakinsa. Ni ɗan ƙanwarsa ne, na sha jiransa da yunwa. Rediyo kuwa ba a kashe ta a gidansa matuƙar akwai mai magana. Wata rana matarsa, Inna Hajo, ta murɗe ta ana tsakiyar wata sanarwa da Faransanci. Ya ce ta yi rashin ladabi. Ta ce ai ba ya jin ko kalma ɗaya.

Ya ce, "Ni ba ni ji, amma shi ya san abin da shika hwaɗi."

Da ɗansa Iliya, wanda ke ci-rani a Abijan, ya aiko masa da babbar salula, mun san za a sha kallo. Mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, don tsokana, ya sa masa wani bidiyo na intanet mai tsawon awa goma. Ba komai a ciki sai ruwan sama yana zuba a kan rufin kwano. Ya ce mutanen wasu ƙasashe suna kunna shi ne don barci ya ɗauke su. Shekarar kuwa ruwa ya ɗauke mana, gero na tsakiyar fitar da kai. Mutane suka riƙa zuwa gindin bedi, itacen dogonyaron da yake zama, suna leƙawa, su yi tsaki su wuce. Kawu ya yi kwana huɗu a kansa, yana kai salular caji butik, wato kanti, yana dawowa. Inna Hajo ta ce duk garin shi kaɗai ya samu damina. Da ya gama aka tambaye shi yadda abin ya ƙare.

Ya ce, "Awa goma ruwa na zuba, ba wanda yaf fito da iri. Ƙasar ragwaye ce."

Bayan wannan ne Iliya ya yi shiru. Lambarsa ta daina shiga. Abokan ɗakinsa suka ce ya fita da safe da kurarsa ta tura kaya, bai dawo ba. Damina biyu ta wuce, ba labarin rai, ba na mutuwa. Sai maƙwabcinmu Sule ya dawo daga can, ya ce akwai wani bidiyo da wani mutum ya ɗauka yana yawo cikin babbar kasuwar garin tun safe har yamma, awa goma sha ɗaya, kuma an ce masa an ga mai kama da Iliya a ciki. Bai san a wane wuri ba.

Ni na tafi Buza, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi, aka sauke mini shi a katin salula. Na nuna wa Kawu yadda ake jan layin ƙasa da yatsa a tsallake gaba, don mu yi sauri. Ya buge mini hannu. Ya ce duk wanda ke cikin kasuwar nan ɗan wani ne, ba a ƙetare mutane kamar kashin shanu.

Haka ya fara, rabin awa kullum bayan azahar, don a lokacin idonsa ba ya jure fiye da haka. Yana kallo yana gaida masu wucewa. In zai tsayar, sai ya ce musu su yi haƙuri, sai gobe. A awa ta uku ya ga wani mai sayar da albasa, ya ce wannan tafiyar ta wani gida ce a Urno, haka kakansu yake jefa ƙafa. Muka yi dariya. Ya aika saƙo ta wurin wani direba. Bayan sati sai ga wata tsohuwa a amalanke. Ɗanta ne, shekara shida ba ta gan shi ba. Wucewarsa bai fi ƙiftawa uku ba, ta roƙi a maimaita. Na ce wa Kawu ai ya hana taɓa layin. Ya ce komawa baya ba laifi ba ne, tsallakewa ce cin amana. Sau ashirin aka mayar mata.

Akwai abin da na ɓoye masa. Tun ranar da na karɓo katin a Buza na ja layin daga farko har ƙarshe, ban ga Iliya ba. Na yi shiru, ina kallon tsoho yana cinye ragowar idonsa. Da ciwo ya kwantar da shi, muna awa ta tara, ni nake riƙe masa salular kusa da fuska. Ran nan na kasa haƙuri, na gaya masa na riga na duba, babu shi.

Ya ɗaga ido ya dube ni. Sannan ya ce, "Dubawa ka yi, ko tsalle?"

Na ce tsalle.

Ya ce, "To ba ka duba ba. Kunna."

Kwana huɗu bayan haka ya cika, da hantsi, saura awa ɗaya da 'yan mintoci. Inda muka tsaya, wata mace ce ɗauke da tire, ta ɗaga ƙafa ɗaya ba ta sauke ba. Maganarsa ta ƙarshe da ni ita ce kada in bar baiwar Allah a tsaye.

Na sauke mata ƙafar bayan sadakar bakwai. Tun lokacin nake kallo a gindin bedin nan, kaɗan-kaɗan, ba na tsallake kowa. Na ma kama kaina ina gaida su. Inna Hajo takan zauna gefe tana ɓarar wake, ba ta kallon salular, sai dai ta tambaye ni ina muka kai. Yanzu saura minti bakwai, masu tebur sun fara ɗaure kaya, kuma kwana uku ke nan na kasa kunnawa. Jiya ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, da mai salular na nan da na sha bugu a hannu.

Allah Ya jiƙan Kawu Mamman, Ya haskaka kabarinsa. In Iliya yana raye, Allah Ya juyo da fuskarsa gida. In ya riga mu, Allah Ya sa uban ya same shi ba tare da dogon nema ba. Ni kuma Allah Ya ba ni zuciyar da zan kai ƙarshe.