Barewar Tabelot

Ana idar da sallar asuba muka bar Agadez, ni da abokina mai motar shiga daji, kat-kat, sai sabuwar bindigata karabin a naɗe cikin bargo bayan kujera. Na daɗe ina neman bindiga guda wadda za ta yi mini farauta, ta kuma yi mini harbin gwaji, don izinin bindiga ɗaya na samu. Kowa da shawararsa. Wani ya ce mai lamba sha biyu, amma ita sai zabi da zomo, ba ta kai wa nesa. Wani ya ce ashirin da biyu, harsashinta da araha, sai dai ba ta kayar da babbar dabba. Daga ƙarshe na tsaya kan matsakaiciya, na ɗora mata madubin hangen nesa. Da wani aminina mai garkar albasa a Tabelot ya yi kukan dila na ɗauke masa 'yan awaki, sai na ga dalilin tafiya ya samu.

A shingen fita gari jandarma ya daɗe yana juya takarduna, ya kalli bindigar, ya kalli tumbina, ya tambaya ko ni zan bi dila da gudu. Muka yi dariya, ya buɗe mana hanya.

A garin Dabaga muka karya kumallo da shayi da cuku. Kwalbar esans, wato fetur, a nan ta kusa ninka kuɗin ta gari, mai sayarwa kuma ko kunya babu. Daga nan hanya ta zama duwatsu da rairayin kori, wato busasshen rafi, muna ta kauce wa manyan motocin albasa masu gangarowa, an yi musu lodi har suna rangaji kamar raƙumi mai ciwon ƙafa. A wani kori muka tsaya, abokina ya jera gwangwanayen tumatir a kan dutse. Na harba daga inda da ƙyar ido ke ganinsu, suka yi ta tashi sama ɗaya bayan ɗaya. Ranar na ji kaina ya yi girma.

Mun isa Tabelot da la'asar, Dutsen Bagzan ya tokare yamma. Ko'ina warin albasa da ƙarar injin ban-ruwa. Mai masaukinmu, aminin nan nawa, ya yi mana tagulla, burodin nan da ake gasawa cikin rairayi, aka marmasa ta cikin miya, muka ci har muka kasa tashi.

Washegari da hantsi muka zaga bayan garake neman dila. Ba mu ga ko sawunsa ba. Muna shirin komawa sai na hango barewa can nesa, tsaye gindin wata ƙaya, tana kallonmu. Na san ba ita muka zo nema ba, na kuma san doka ta hana. Mai masaukina yana baya yana magana da wani makiyayi. Abin da ya zo mini a rai kawai, ko bindigar za ta kai can. Na durƙusa, na saita, na ja kunama.

Ta kai.

Sai da muka isa kan barewar na ga jan zare a wuyanta, da ɗan laya. Mai masaukina ya dafe rawaninsa. Ya ce ta wata tsohuwa ce maƙwabciyarsa, mijinta ne ya tsinto ta tana 'yar jaririya kafin ya rasu, ita kuma ta raine ta da nonon akuya. Duk garin an san ta, ko karnuka ba sa binta.

Muka yanka barewar kafin rai ya fita, muka ɗauke ta zuwa gidan. Tsohuwar tana zaune bakin bukka tana saƙar tabarma. Na gaishe ta, na ce Inna, ni ne na yi, ba kowa ba. Na ce zan ba ta akuya mai ciki, ko abin da duk ta yanka mini. Mutane suka taru, wani ya kawo zancen kiran ma'aikatan gandun daji, ta ɗaga hannu ta hana. Ta kwance zaren daga wuyan barewar, ta ce a raba naman ga maƙwabta, ita ba za ta ci ba. Akuyar ma ta ƙi. Sannan ta dube ni.

"Ɗana, da ka matsa kusa da ita, da ta ci dabino a hannunka."



Ba mu ƙara kwana ba. A hanyar dawowa abokina ya kunna rediyo, ya kashe, muka yi ta tafiya har muka hango hasumiyar babban masallacin Agadez. Mai masaukina ya sa mana buhun albasa a mota kamar yadda aka saba, amma har yau bai kira ni ba, ni ma na kasa kiransa.

Masu tambayata wace bindiga za su saya, matsakaiciyar tana yin aikin da aka ce tana yi, ban ga laifinta ba. Na tambayi mutane da yawa a kan girman harsashi da nisan zango, ban taɓa tambayar kowa yaushe ake sauke bindiga daga kafaɗa ba. Tawa tana cikin ɗaki, na cire mata harsashi. Na aika wa tsohuwar shayi da sukari ta hannun wani direban albasa. Ya ce ta karɓa, ta kuma tambaya ko mun iso gida lafiya.